Babi na Uku: Babbaƙun Jiki

Wata safiyar Talata na je wata firamare a bayan gari don in ga wani abokina da ke koyarwa a can. Na tarar yana aji, sai na tsaya jiransa a baranda. Ajin da ke kusa da ni na 'yan aji uku ne, kuma abin da ke kan jadawalinsu a wannan lokaci shi ne darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Malamar ta cika allo da rubutu. Da na leƙa ta taga sai na ga ma'anar gudu ce ta rubuta da Turanci, a ƙasanta ma'anar tsalle, a ƙasan wannan kuma ma'anar jifa. Yaran sun haura saba'in, wasu a benci, wasu a ƙasa, kowa ya duƙufa yana kwafa. Da ta gama ta juyo ta ce su maimaita, suka ɗauka baki ɗaya da irin muryar nan ta hadda. A bayan tagar kuwa, taku goma bai cika ba, ga fili nan fetal, babu kowa a cikinsa sai awaki biyu suna tsintar ɓawon gyaɗa.

Ban ga laifin malamar ba, har yau ma ban gani ba. Abin da ta rubuta shi za a tambaya a jarrabawar ƙarshen zango. Da muka gaisa daga baya ta ce mini ita Hausa da addini ta karanta a kwalejin ilimi, darasin nan ɗora mata shi aka yi don babu wanda zai ɗauka. Manhajar da ake bi a lokacin ita ce wadda hukumar NERDC ta yi wa garambawul a 2012, aka fara aiki da ita a 2014, kuma a cikinta an cusa darasin motsa jiki a tukunya ɗaya da kimiyya da fasaha da kwamfuta. Abin da aka haɗa da darussan allo, ai a allo zai ƙare. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ita kuwa ga ta da ninki biyu, babu ƙwallo ko ɗaya a ofishin hedimasta sai wata tsohuwa da ta sace. Amma ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani dalili da ya fi su tsufa, wanda ita ma ta faɗa tana dariya: “Malam, wai wa ke koya wa yaro gudu? Ai da abinsa ake haihuwarsa.”

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar turewa. Zama da tsayuwa da takun farko kusan kowane lafiyayyen yaro yana isa gare su. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya bi jarirai 816 a ƙasashe biyar, wato Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An ga lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya shi kaɗai tun yana wata 8, wani kuma sai ya haura wata 17, kuma duk cikin ƙa'ida suke. Wajen huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa, abin da zai sa mai cewa da rarrafe yaro kan tashi ya ɗan sassauta murya. To amma ko a wannan mataki hannun manya yana ciki. Wani masanin halayyar yara Ba'amurke, Charles Super, ya zauna cikin 'yan ƙabilar Kipsigis a Kenya, ya wallafa abin da ya gani a 1976. Iyaye mata a can kan tona ɗan rami a ƙasa su zaunar da jariri su tokare shi, kullum kuma suna riƙe shi yana taka ƙasa. Yaransu suna riga yaran Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda. A rarrafe kuwa, wanda ba sa koyarwa, ba su riga kowa ba. Duk Bahaushiyar da ta taɓa zaunar da ɗanta a cikin baho ta kewaye shi da tsummoki, ko ta kama hannuwansa biyu tana yi masa tatata, ko ta sa aka sassaƙa masa keken katako mai ƙafa uku, ta san wannan ba sai an kawo mata labarin Kenya ba. Abin mamaki shi ne, da yaro ya fara tafiya sai mu ɗauka karatun ya ƙare, alhali a nan aka fara.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a fara koya wa yaro karanta rubutu da sura sukutum. Babbaƙu ake fara masa, ya san kowane baƙi da kamanninsa. Sai farfaru, ya san wasali. Sai a zo haɗa baƙi, daga nan karatu ya miƙe. Yaron da aka tsallake masa babbaƙu zai iya bin baki ya rera tare da sauran yara, ka ji kamar ya iya, amma ranar da aka ware shi aka nuna masa kalma da tsinke sai ya yi tsuru-tsuru. Jiki ma yana da nasa babbaƙun, kuma ba su da yawa. Masana sun kasa su gida uku. Akwai na daidaita jiki: tsayuwa da ƙafa ɗaya, juyawa, gocewa, sauka daga tsalle ba tare da an kifa ba. Akwai na kai jiki daga nan zuwa can: gudu, tsalle da ƙafa biyu, ɗingishi da ƙafa ɗaya, sukuwa, tafiya ta gefe. Sai na sarrafa wani abu: jifa, cafewa, shuri, duka da sanda, buga ƙwallo a ƙasa. Wani gwaji da ake yawan amfani da shi a duniya wajen auna yara, wanda Dale Ulrich ya fara fitarwa a 1985, a bugunsa na uku abubuwa 13 kacal yake dubawa, ga yara 'yan shekara 3 zuwa 10. Daga waɗannan 'yan baƙaƙen ake haɗa ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga da kokawa da dambe, har da tsallake kwata da kaya a ka. Chioma Ajunwa ta buga wa Najeriya ƙwallo a gasar mata ta duniya a 1991, shekara biyar bayan haka ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta ta ɗauko zinare. Wasa biyu ne, amma babbaƙun ɗaya ne.

David Gallahue na Jami'ar Indiana, wanda littafinsa ya daɗe ana karantar da malaman motsa jiki da shi, ya ce kowace irin ƙwarewa tana bin hawa uku: na farko-farko a wajen shekara 2 zuwa 3, na tsakiya a 4 zuwa 5, cikakkiya a 6 zuwa 7. Sai dai shekarun nan suna nuna lokacin da jikin yaro ya isa ya iya ne, ba lokacin da zai iya dole ba. Akwai magidanta masu furfura da har yanzu jifan ɗan shekara huɗu suke yi. Wani masanin, Vern Seefeldt na Jami'ar Jihar Michigan, ya kwatanta abin da katanga a 1980: akwai wata katangar iyawa tsakanin wasan ƙuruciya da wasannin manya, wanda bai mallaki babbaƙu ba a nan yake cijewa, yana ganin sauran suna wucewa.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu warware ta, don a ga abin da ake nufi da koyarwa. Na zaɓi jifa domin shi ne ya fi tona asiri.

Ka ba ɗan shekara biyu goruba ka ce ya jefa. Zai tsaya ƙafafunsa a jere, ƙirjinsa na fuskantar inda zai jefa, ya ɗaga hannu ya sare shi ƙasa kamar mai sara da gatari. Babu abin da ya motsa a jikinsa sai hannun. Nan gaba kaɗan zai fara taka ƙafa, amma ƙafar da ke gefen hannun jifan zai taka: hannun dama, ƙafar dama. Wannan takun yana kulle ƙugu, jiki ba shi da damar murɗawa, ƙarfin duk ya tsaya a kafaɗa. A nan mutane da yawa suke yada zango har tsufa. Cikakken jifa sai an taka ɗaya ƙafar, an ba wa abin da za a jefa gefe, hannu ya koma can baya. Daga nan ƙugu ne ke fara juyawa, ƙirji ya biyo shi, kafaɗa ta biyo ƙirji, gwiwar hannu ta wuce gaba, tafin hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Mary Ann Roberton da Lolas Halverson sun shafe shekaru a Jami'ar Wisconsin suna ɗaukar yara a fim suna jifa, suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka nuna shi ne gaɓoɓin ba sa girma tare. Yaro zai iya gyara ƙafa amma ƙugunsa na nan a sandare, ko hannunsa ya yi kyau ƙafarsa ta ƙi. Saboda haka malamin da ya san aikinsa ba ya kallon inda gorubar ta faɗi. Ƙafa yake fara kallo.

Akwai kuma wani abu da ya saɓa wa abin da hankali zai fara ba ka. Idan kana so yaro ya koyi jifa, kada ka fara da saiti. Da ka ajiye gwangwani kusa ka ce ya same shi, sai ya koma jifan jarirai, domin da ɗan lilon hannu ya fi samun daidai. Ka kai shi gaban doguwar katanga ka ce ya jefa iya ƙarfinsa, kana so ka ji ƙara. Neman ƙarfin shi zai tilasta wa jiki ya nemo taku da murɗawa da kansa. Saiti ya biyo baya. Haka kuma yawan bayani ba ya shiga. Binciken Gabriele Wulf tun daga 1998 ya nuna mai koyo ya fi saurin kamawa idan aka kai hankalinsa kan abin da motsin zai haifar, ba kan gaɓar da zai motsa ba. “Juya ƙugunka kafin kafaɗarka” magana ce da ɗan shekara shida zai bi ka da ido kawai. Amma ka ja layi da toka, ka shafa masa alli a babban yatsan ƙafar hagu, ka ce, “Mai allin ce za ta tsallake layi, ka fasa mini bangon nan,” ka ga aiki. In bahago ne a shafa a ta dama, kuma a ƙyale shi da hagunsa. Kusan ɗaya cikin goma na mutane bahagwai ne. Ladabin cin abinci da karɓar kaya da dama daban, jifa daban, kuma masu kallon dambe sun san darajar bahago.

Cafewa ta fi jifa jinkiri, domin sai ido ya iya lissafin inda abu zai sauka. Ƙaramin yaro miƙa hannuwa yake yi sandararru, ya kau da fuska, ya runtse ido. Sannan ya koma rungumewa a ƙirji, sai daga baya tafukan hannu su karɓi aikin. Wanda aka fara masa da busasshiyar ƙwallon fata ta doki hancinsa, kau da fuskar nan zai daɗe bai bari ba.

To, in haka abin yake, mu da ba a taɓa ja mana layin toka ba a ina muka koya?

A dandali. Kuma dandali makaranta ce ta gaske, ko da ba ta da allo. Dubi langa. Yaro ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya rage masa ƙafa ɗaya da hannu ɗaya. Da su zai yi gaba, ya yi baya, ya goce, ya yi turi, ya sha turi bai faɗi ba, yana kuma lura da inda ruwansu yake don ya buɗa masa hanya ya je ya sha. Wanda ya saki ƙafa ko ya kai ƙasa ya mutu. Da wani farfesa ne ya zauna ya ƙirƙiro atisayen daidaita jiki da ɗingishi da gocewa a wasa guda, da wuya ya zo da abin da ya fi wannan. Ba banza ba langa ta shiga jerin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa, da nau'o'inta uku: ruwa, tureshi da kawoshi. A ɓangaren 'yan mata ga 'yar gala-gala: a zana gidaje a ƙasa, a jefa tsingaro ya faɗa gidan da ake so, a bi da ɗingishi ba a taka layi ba, a sunkuya da ƙafa ɗaya a ɗauko. Ga carafke, wadda horon ido da yatsu ce zalla. Ga tsallen igiya, ga gaɗa da tafinta da faɗawa baya a cafe ki. Samari kuma ga gare-gare, ga jifan kanya da mangwaro, ga korar tsuntsaye a gona.

Abin da ya sa dandali ya yi aiki ba sakin yara kawai ba ne. Wani nazari da Samuel Logan da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano yaran da aka tsara musu koyarwa sun ci gaba ƙwarai, waɗanda aka sake su su yi wasan ganin dama kuwa ba a ga wani canjin kirki a tare da su ba. Wasu kan ɗauki wannan su ce ashe wasa ba ya koyarwa. Ni ba haka na fahimta ba. Yaran da aka yi binciken a kansu galibi sa'o'in juna ne, an zuba su a filin makaranta na ɗan lokaci. Dandali kuwa cakuɗe yake, ɗan shekara biyar yana tare da ɗan sha biyu. Akwai wanda za a kalla, akwai mai gyara, ko da gyaran da baƙar magana yake zuwa: “Kai, ba haka ake riƙe ƙafa ba, dubi nan!” Akwai kuma maimaici, dare bayan dare, duk farin wata. Misali, gyara, maimaici: ko a kwaleji abin da za a ce wa malami ya yi ke nan.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido. Dandali ba ya raba ilimi daidai. Yarinya takan fito da gwanintar ɗingishi da cafe ƙananan duwatsu, amma ba ta taɓa yin jifa da ƙarfi ko shuri ba, don an ce ba na mata ba ne. Namiji ya iya jifa, tsallen igiya ya gagare shi. A 1985 Jerry Thomas da Karen French sun tattara binciken da aka yi kan bambancin maza da mata a motsa jiki tun daga ƙuruciya, suka ga babu inda tazarar ta kai ta jifa. An daɗe ana cewa halitta ce kawai. Amma da Thomas ɗin ya je ya auna yaran 'yan asalin Ostireliya, inda mata ma suke tashi da jifa, sai ya tarar tazarar ta ragu sosai, ko da ba ta ɓace ba. Kuma dandali ba shi da haƙuri da mai rauni. Wanda bai iya ba, ba a zaɓensa, in an zaɓe shi a sa shi gola.

Yanzu ma dandalin kansa yana ƙarewa. A birane an yanka filayen unguwa an yi shaguna, lungu ya zama hanyar babura da adaidaita-sahu. Yaro ya tashi daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo magariba ta yi, iyaye kuma ba sa sakin jiki da fitar dare kamar da, kuma suna da hujja. Abin da ya rage na lokaci waya da talabijin sun cinye. A ƙauye da sauran dama, sai dai inda rashin tsaro ya kai, nan ma wasan farin wata ya zama labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa shi haki. Wani bincikenta da ya fito a 2019, kan 'yan makaranta miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, mata kashi 85, maza 78. Aikin da yayye suke yi kyauta a dandali ya faɗo kan makaranta, ita kuma makaranta ba a gaya mata ba.

A ranar da nake ba da labari, da aka kaɗa ƙararrawar tara na tsaya ina kallon yaran nan da suka gama haddace ma'anar gudu. Wasu sun fito kamar an ɓalle garke. Amma akwai wasu, ba kaɗan ba, da suka nufi gindin katanga suka jingina. A 2008 David Stodden da Jacqueline Goodway da wasu suka yi bayanin yadda ake zama ɗan gindin katanga. Ƙaramin yaro ba ya auna kansa da kowa, in ka tambaye shi zai ce ya fi kowa gudu. Wajen shekara 7 zuwa 8 sai idonsa ya buɗe, ya fara gane wa ya fi shi. Wanda ya ga bai iya ba sai ya ja baya, ja da bayan ya hana shi maimaici, rashin maimaici ya ƙara tazarar, nauyin jiki ya ƙaru, wasan ya ƙara wuya. A Ostireliya Lisa Barnett ta bi wasu yara daga firamare har sakandare, ta ga waɗanda suka iya jifa da cafewa da shuri tun suna ƙanana su ne suka fi ci gaba da motsa jiki da suka tasa. A cikin 'yan gindin katangar nan kuma akwai waɗanda matsalarsu ta wuce rashin koyo. Likitoci sun san wata lalura ta rashin daidaituwar gaɓoɓi da ke samun kimanin yara 5 zuwa 6 cikin ɗari, wato uku ko huɗu a aji irin na malamar nan. Su ne masu yawan tuntuɓe da ɓarin abu, masu mummunan rubutu, waɗanda muke ce wa sakarkaru ko masu sanyin jiki. Hankalinsu lafiya lau. Ƙwallo mai girma da taushi suke bukata, da tazara gajera, da lokaci.

Mu kuma sai mu ƙara musu da namu. Yaro ya makara, tsallen kwaɗo. Ya yi surutu, ya zagaya fili sau biyar. Shekara shida muna nuna masa motsa jiki shi ne abin da ake yi wa mai laifi, sannan mu yi mamaki ya girma yana gudunsa. Sau ɗaya a shekara kuma a yi gasar gidaje, a kafa rumfa, a gayyato manyan baƙi, a tsamo yara ashirin da dama can sun iya, sauran ɗaruruwan a koya musu maci da tafi.

Malamai kan ce ba kayan aiki. Gaskiya ne, amma a yi lissafi tukuna. Ma'aikatar ilimi ta jihar Victoria a Ostireliya ta ƙiyasta cewa yaro yana bukatar tsakanin minti 240 da 600 na koyarwa kafin ya ƙware a abu guda. Ka ɗauki aji mai yara 80 da darasin minti 35. Fita da jera layi da tsawatarwa sun ci 10. Ƙwallo ɗaya ce, an yi dogon layi, kowa ya jefa a ɗauko a ba na baya, a ce daƙiƙa 15 ga kowane. A minti 25 jifa ɗari aka yi, wato kowane yaro sau ɗaya, masu sa'a sau biyu. A haka har ya gama firamare bai yi jifan da ɗan ƙauye ke yi a yini guda a gindin kanya ba. Ko da gwamnati ta aiko da ƙwallo biyar masu tsada, lissafin bai canja sosai ba. Amma ka sa kowane yaro ya zo da ledojin fiyawota da tsumma, a dunƙule a ɗaure da kyauron roba, a sami ƙwallo 40. A tsaya bibbiyu ana fuskantar juna. A minti 10 kowa ya jefa wajen sau 60, ya cafe sau 60, kuma ba mai lokacin tsokanar wani. Layi da toka, alama da gwangwanin madara, igiyar rama, tsohuwar taya, buhu cike da ƙaiƙayi don sauka. Abin da ba a samu a bola shi ne idon malami, wanda zai bi layi yana kallon ƙafafu, ya gyara abu ɗaya tak ga kowane yaro ya wuce. A ba manyan aji ƙanana su riƙe, yadda yayye suke yi a dandali. A kuma sa darasin da sassafe, don wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba zai fitar da yara fili da sha biyu ba.

Batun 'yan mata ba ya bukatar dogon musu. Wando a ƙarƙashin riga, hijabin da ba zai harɗe hannu ba, gefen fili nasu, malama mace in akwai. Wanda ya ce gudu bai dace da 'ya mace ba, a tuna masa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya rama a na biyu.

Abokin nan nawa lissafi yake koyarwa, amma da muka yi wannan hira ya ce zai gwada. Bayan mako uku ya kira ni na koma. Sun haɗa ƙwallon leda arba'in a buhun shinkafa, malamar nan ce ma ke rabawa. An jera 'yan mata a gaban bangon bayan aji, an ja layin toka, kowace da alli a yatsan ƙafa. Akwai wata siririya a ƙarshen layi, hijabinta har gwiwa, wadda na gane tana cikin masu jingina a katanga. Ta jefa, ƙwallon ta faɗi a gabanta kaɗan. Malamar ta ƙaraso.

“Ke, wace ƙafa kika taka?”

Ta duba ƙasa. “Wannan, Malama.”

“Ita ce mai allin?”

“A'a.”

“To tattare hijabin ki soke shi. Ba wa bangon gefe. Ina so hedimasta ya ji daga ofis.”

Ta yi sau uku tana rikicewa, ƙafar dama na riga ta fita. A na huɗu ta tsaya, ta kalli allin, ta taka. Ƙwallon ta wuce saman bangon ta dira a kan kwanon ajin, ƙarar ta sa awakin suka watse. Ta rufe baki da hannu tana jiran faɗa. Malamar ta miƙa mata wata daga buhu.

Da aka kaɗa ƙararrawa monita ya ƙirga, talatin da bakwai suka koma buhu. Ukun suna kan rufi, kuma hedimasta ya aiko a tambayi wanda zai hau ya sauko da su kafin damina.